Rasuwar Tekla, Wadda Bindigogin Jamus Suka Kasa Kakkaɓowa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ya ƙi wucewa, Orest Demchuk, manomin alkama a titin arewa, mil shida daga garin Kelliston, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin sojoji, da duk wanda ya taɓa rage gudu a bakin gonarsa don ya leƙa, rasuwar Tekla. Ta rasu ranar Talata, sha huɗu ga Satumba, 1999, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, a cikin rumfarta, tana da shekara hamsin da biyar da 'yan watanni.

Editar jaridar nan ta ce shafin rasuwa na mutane ne, Tekla kuwa jirgin yaƙi ce, samfurin B-25, mai inji biyu da wutsiya biyu. Mai sanarwa ya amsa mata cewa shekara talatin yana karanta shafin nan, ya ga an yabi mutanen da ba su yi rabin abin da marigayiya ta yi ba, wasunsu ma da hannunsa ya ɗauki akwatinsu. Ta ce to ya taƙaita. Zai yi ƙoƙari.

An haifi Tekla a wata masana'anta a birnin Kansas, ƙarshen shekarar 1943. Ba ta cikin manyan jiragen nan masu inji huɗu da ake yi wa hotuna, ba ta kuma cikin ƙananan masu wasa a sama. Matsakaiciya ce, irin wadda ake aika wa aikin da babu mai so. Da tauraron Amurka a jikinta ta fito, ba ta yi wata biyu ba aka shafe shi aka zana mata da'irar Ingila, aka haye da ita teku. Mutum huɗu suka fi yawan tashi da ita: matuƙi ɗan Kanada, mai duba hanya ɗan Sikotlan, mai rediyo ɗan New Zealand, da mai bindiga ɗan Ostireliya. Harshe ɗaya suke yi su duka, amma an ce sai da suka yi wata uku kafin wani ya fara gane abin da wani ke faɗa. An taɓa ara wa wasu matuƙa 'yan Holan ita na mako biyar, suka dawo da ita da rami a wutsiya, suka ce haka suka same ta.

A ƙasa kuma tana da mutum ɗaya, bakanikenta, Metro Demchuk, mahaifin mai sanarwa. Shi ya raɗa mata sunan mahaifiyarsa, ya ce su biyun ba a iya barci kusa da su.

Ta tashi yaƙi sau arba'in da bakwai, a kan Faransa da Beljiyam da Holan, tana karya gadoji da tashoshin jirgin ƙasa. Wani ma'aikacin gidan tarihi ya rubuto bara cewa a takardunsu arba'in da huɗu ne. Mai sanarwa yana sake gaya masa a bainar jama'a: arba'in da bakwai ne. Metro yana jan layi da ƙusa a cikin murfin tayar gaba duk ranar da ta dawo, layukan suna nan, kowa na iya zuwa ya durƙusa ya ƙirga. Mai takarda yana ofis a lokacin. Mai ƙusa yana tsaye cikin taɓo yana jiran ta. An huda ta sau talatin da ɗaya, an yi mata faci sau talatin da ɗaya. A watan Disamba na 1944 ta dawo da inji ɗaya, ɗayan yana hayaƙi, mai bindiga kwance cikin jini, ta sauke su huɗun a raye. Abin da ke faruwa a ƙasa bayan ta wuce, wannan Metro bai taɓa yin raha da shi ba, in an tambaye shi sai ya ce bai ji ba. Iyalin ba su manta cewa ƙarƙashin gadojin nan akwai gidaje ba.

Bayan yaƙi aka dawo da ita Kanada, aka zana mata ganye a tsakiyar da'irar, ta yi shekara goma sha bakwai tana ɗaukar samari masu koyon duba hanya suna yi mata amai a ciki. Ba ta taɓa ƙorafi ba. A 1962 aka yi mata ritaya, aka jera ta da sa'o'inta a wani fili don gwanjo. A makon gwanjon ne mahaifiyar mai sanarwa ta aiki Metro birni ya sayo injin girbi. Ya tsaya kallon jiragen ta bayan shingen waya, ya hango wani faci a ƙarƙashin fiffiken hagu mai ƙusa tara a inda kowa ke sa takwas. Babu bakanike mai sa ta tara sai shi. Bayan kwana huɗu ya shigo Kelliston da babbar mota, Tekla na biye a baya ba fukafukai, yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya ɗauko amarya. Matarsa ba ta sake yi masa magana ba sai ranar Ista. Shi ya ce bai lura ba, tunda dama Tekla ta riga ta cinye masa kunnuwa.

Marigayiya tana da halaye na gari. Ba ta da girman kai. Tana zubar da baƙin mai, amma wuri ɗaya take zubarwa, ana iya ajiye mata roba. Ta ba tantabaru masauki, ta ba yaran makaranta inuwa, an ɗauki hoton aure sha ɗaya a ƙarƙashin fiffikenta, takwas daga cikin auren suna nan daram. Murya ce kawai ba ta iya sassautawa ba. Takan fara da ɗan kuka siriri, wiiiii, sai tari, kaf, kaf-kaf, kamar tsohon da taba ta sarƙe, sai shuɗin hayaƙi ya turnuƙe, sannan ta buɗe baki gaba ɗaya, ɓurum-ɓuɓuɓuɓu, har kofuna su yi rawa a kan kantar gida. Ta yi shiru shekara talatin da bakwai. A watan Yunin bana ta sake magana, shanun maƙwabci suka karya shinge.

Wadda ta dawo mata da muryar ita ce Larysa Demchuk, 'yar mai sanarwa tilo, mai shekara ashirin da takwas. Kelliston ta san ta. Ita ce yarinyar da ta hau rufin rumbu da zanen gado tana shekara shida. Ita ce ta koyi tuƙin jirgin feshin gona ba da yardar ubanta ba, tana bi ta ƙarƙashin wayoyin lantarki kamar tsattsewa, shi yana tsaye a gona ya cire hula yana addu'a da harshen kakanninsa, wanda bai ma iya sosai ba. Shekara bakwai da suka wuce ta rage feshi, ta dawo gida, ta ce za ta tayar da jirgin kakanta. Da samfefa ta bi jikin Tekla, taku bayan taku, har ta tono ganyen Kanada, a ƙarƙashinsa da'irar Ingila, a can ƙasa tauraron Amurka. Ta kira ubanta da gudu ya zo ya gani. Ta rubuta wasiƙu har ƙasashen da bai san suna da gidan waya ba, tana neman kayan inji. Ta maida fukafukan. Ta je kudu ta koyi tuƙa irin wannan jirgi, ta dawo da lasisi. Aka sa ranar tashi, Asabar sha takwas ga Satumba, ranar bikin girbi na gari.

Yanzu sai maganar ciwon ajali, wadda saboda ita aka rubuta duk abin da ke sama.

Ranar Talatar, mai binciken jirage ya zo daga birni. Ya riga ya duba ta a watan Agusta, bai ga komai ba, sa hannu kawai ya kawo shi. Ya zare alƙalami. Orest ya ja shi gefe, ya ce masa ƙasa-ƙasa ya buɗe wani faifan ƙarfe a saman ɗakin bama-bamai, inda ƙashin bayan fukafukai ya ratsa. Mutumin ya ce wurin ai a rufe yake da ƙusa, kuma fentinsa lafiya. Orest ya ce ya dai buɗe. Aka cire ƙusoshin. Farin gari ya zubo kamar an fasa buhun fulawa. Mai binciken ya haska tocila, ya danna sukudireba a jikin ƙarfen da ya kamata ya ɗauki nauyin jirgi gaba ɗaya, ta shige kamar a cikin sabulu. Ya ce da ta tashi ranar Asabar, juyi na farko ko na biyu fiffike ɗaya zai rabu da ita. Ya ce wannan ƙashi ba a gyara shi, kuma an daina ƙera irinsa tun kafin a haifi Orest. Ya ɗaura mata jar takarda a kan sitiyari. Lokacin rasuwa ke nan.

Ya tambaya ko me aka taɓa ajiyewa a wurin. Orest ya ce wataƙila ɓeraye ne.

Larysa ba ta yi kuka ba. Ta goge hannu da tsumma, ta dubi ubanta, wanda take kira Tato, ta ce, "Tato, ya aka yi ka san nan za a buɗe?"

Ya ce, "Na dai ji a jikina."

Ta ce, "Shekara biyar da suka wuce na zo zan buɗe faifan nan, ka ce Kaka ya duba da kansa ya rufe, kar in ɓata masa aiki. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

Ya dubi takalmansa.

Ta ce, "Shekara bakwai ina kwance a ƙarƙashinta, kana kawo mini kofi. Ka ba ni amsa, Tato. Ya aka yi ka sani?"

Ta jira, ta ajiye sifana a kan tebur a hankali, ta shiga motarta ta tafi wurin innarta a garin Prince Albert. Yau kwana goma sha biyar. Ya buga waya sau goma sha tara. Innar takan ɗauka ta ce, "Tana wanka, Orest." Babu ɗan Adam mai yin wanka haka.

To ga amsar, tunda baki ya kasa. Kuma da farko yana neman afuwar ɓeraye, babu ruwansu.

A kakar 1979 iska ta yaye rufin sito, ana saura kwana biyu dusar ƙanƙara, ga takin zamani buhu talatin a waje. Kowa a nan ya san yadda ake yi. Duk abin da ke da rufi ma'aji ne. Akwai mai ajiye alkama a tsohuwar motar makaranta, akwai mai kiwon kaji a tsohuwar majami'a, surukinsa Vern har yau a cikin firjin da ya mutu yake ajiye ƙusoshi. Orest yana da shekara talatin da ɗaya, Metro yana asibiti ana yi masa aikin ƙugu. Sai ya shimfiɗa katako a cikin Tekla, ya jera buhunan har suka taɓo ƙashin fukafukai. Da bazara ta zo, ƙanƙara ta narke, danshi ya shiga, buhu shida na sama suka fashe. Ya share abin da idonsa ya gani, ya wanke da ruwa, wanda daga baya ya ji cewa shi ne mafi munin abin da za a yi. Ya shafa fenti, ya rufe faifan da ƙusa tara don ya yi kama da aikin tsoho. Bai gaya wa mahaifinsa ba, domin duk wanda ya san Metro ya san dalili. Metro ya rasu a 1988 yana ganin Teklarsa garau take.

Abin da ya fi ci wa mai sanarwa rai ke nan. Jamusawa sun yi shekara ɗaya da rabi suna auna ta da manyan bindigogi, da fitilu, da mutanen da suka yi karatun lissafi. Sun kasa. Manomi ɗaya da karatunsa ya tsaya a aji tara ya gama da ita da taki, kuma alkamar shekarar ma ba ta yi kyau ba.

Za a tambaya me ya sa ya yi shiru shekara bakwai yana kallon 'yarsa tana kashe ƙuruciyarta. Ya tambayi kansa a kan tarakta, gona bayan gona. Da farko ya ce za ta gaji a wata shida. Sannan ya ce ba za ta samu kayan inji ba. Sannan ya ce inji ba zai tashi ba, me zai sa ya tona abin da ba zai taɓa zama matsala ba. Amma gaskiyar da ke ƙarƙashin waɗannan ita ce, muddin Larysa tana kwance a ƙarƙashin Tekla, a ƙasa take. Ba ta bin wayoyin lantarki. Da tsakar rana tana shigowa ta ci abinci a teburinsa, da baƙin mai a goshi, tana satar masa nama a faranti. Bai taɓa samun kwanciyar hankali irin ta shekarun nan ba tun ranar da ta hau rufin rumbu. Ranar da injunan suka tashi a watan Yuni, tana leƙowa ta taga tana ihu babu mai jin ta, jama'a na tafi, shi ya zaga bayan sito ya zauna a ƙasa. Waɗanda suka gan shi suka ce murna ce. Daga ranar zuwa Satumba ya buɗe baki zai faɗa ya fi sau ɗari. Sai da ya ga alƙalami a hannun mai bincike.

Bai yi nadamar buɗe faifan ba, kada wani ya karanta haka. Gara ta ƙi shi tana raye har ya mutu. Nadamarsa shekara bakwai ɗin ce, waɗanda ba nasa ba ne ya kashe.

Matarsa Doreen ce ta fara karanta wannan rubutu. Ta cire tabarau ta ce, "Shekara ashirin kana kwana kusa da ni da wannan a cikinka? Ni kuwa ina ta dafa maka abincin masu gyambon ciki. Wawa kawai." Daga nan ta gyara masa rubutun kalmomi sha huɗu.

Marigayiya ta rasu ta bar Larysa, wadda ta fi kowa haƙƙi a kanta. Ta bar Orest, wanda ba shi da bakin magana. Ta bar Doreen, wadda ta ce a rubuta cewa ta wanke baƙin mai shekara talatin, kuma ba ta cikin masu makoki. Ta bar 'yan uwa mata kaɗan a gidajen tarihi, wasu har yanzu suna tashi, saboda babu wanda ya zuba musu taki. Ta bar tantabaru da ba a san adadinsu ba. Ta kuma bar mai bindigarta na da, Alby Tranter, ɗan shekara saba'in da bakwai, can Ostireliya, wanda ke aiko da kati kowace Kirsimeti yana tambayar "tsohuwar", kuma yake jiran hoton tashinta. Har yanzu ba a rubuta masa ba. An fara sau uku.

Mai sanarwa ya san abin da za a yi a shagon kofi ranar Alhamis idan jarida ta fito. Ya san Vern zai miƙe ya sara masa, ya ce, "Ga jarumin da ya harbo ta." An yarda kowa ya faɗi tasa sau ɗaya. Wanda ya maimaita, kada ya zo aron injin haƙa rami.

Jana'iza za ta kasance ranar Asabar, biyu ga Oktoba. Za a ja marigayiya da tarakta daga gona zuwa gaban zauren tsofaffin sojoji, inda aka zuba mata siminti za ta zauna. Tafiyar mil shida ce, da saurin mai tafiya a ƙasa. Ma'aikatan lantarki za su ɗaga wayoyi a mararraba biyu. Ana roƙon masu akwatin wasiƙa a bakin titin arewa su cire su tun ranar Juma'a, fukafukanta ba su san maƙwabci ba. Fada Stefan ya ce ba zai yi wa jirgi addu'ar mamaci ba, amma zai zo cin abinci. Matan majami'a za su yi naɗin kabeji da firogi mai dankali a ɗakin ƙasa. Kada a kawo furanni. Wanda ya kawo buhun taki don wasa, za a gane motarsa.

Saura abu ɗaya. Ba a jan jirgi irin wannan sai da mutum a kujerar matuƙi yana riƙe da birki, balle a gangaren da ke kafin gada, inda za ta iya hawa kan taraktar da mai tuƙa ta. Birkin Tekla yana da hali, na dama yana kamawa kafin na hagu, mutum ɗaya ne a duniya ya san yadda ake lallashinsa. Vern ya ce zai zauna, wai ya taɓa tuƙa motar kashe gobara. An gode masa, an ce a'a.

Ranar Lahadi bayan an taso daga majami'a, Doreen ta buga waya Prince Albert, ta ce wa innar ko a cikin baho yarinyar take a miƙa mata. Ta karanta mata wannan sanarwa daga farko har nan, Orest yana tsaye a bakin ƙofar kicin yana murɗa hula. Sannan Larysa ta ce, "Mama, ki ce masa tayar hagu tana sacewa, ya ba ta iska. Kuma in ya kuskura ya sa Kawu Vern a kujerata, sai na ƙone masa sito." Ta ajiye.

Ya tambayi matarsa ko wannan na nufin za ta zo. Doreen ta ce, "Ni 'yar duba ce? Je ka share kujerar."

An share kujerar. An ba taya iska. Za a taru ƙarfe goma na safe a ƙofar rumfa. Idan goma ta yi kujerar babu kowa, za a ci abincin a watse, a sake taruwa Asabar ta gaba, da wadda ke bin ta, har dusar ƙanƙara ta rufe hanya, sannan a ci gaba da bazara. Marigayiya ta saba jira, ba za ta motsa daga inda take ba sai da mai birkinta. Orest zai hau tarakta tun ƙarfe takwas. Masu gaisuwa su yi haƙuri idan bai dube su ba, idonsa yana kan titi.